Firji Ya Daina Yin Ƙanƙara: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Sayi Sabuwar Na'ura

Manyan firjin nan masu ƙofa biyu da ke yin ƙanƙara da kansu sun yawaita a gidaje da otal-otal da ofisoshi, sababbi da na hannu. Ɓangaren da ya fi saurin ba mai shi ciwon kai kuwa shi ne 'yar na'urar da ke maƙale a cikin firiza, wadda ke karɓar ruwa ta mayar da shi ƙanƙara ta zuba a akwati. Da an wayi gari an ga akwatin wayam sai a yanke hukunci cewa na'urar ta mutu, a aika kasuwa a sayo wata. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Na'urar nan ba ta yin sanyi da kanta, ba ta kuma jawo ruwa da kanta. Firiza ke ba ta sanyi, bawul ɗin da ke bayan firji, wato ɗan famfon lantarki mai buɗe ruwa da rufewa, ke ba ta ruwa, nata aikin kawai ta jira ruwan ya daskare ta juye shi. In sanyin ya gaza ko ruwan ya yanke, sabuwar da ka sayo ma haka za ta zauna tana kallon ka.

Iri biyu ne, kuma ba gyara ɗaya suke so ba

Na farko shi ne mai mazubin ƙarfe, wanda ƙanƙararsa ke fitowa kamar jinjirin wata. An fi samun sa a firjin Amurka irin su Whirlpool, Kenmore, Frigidaire da GE. Yadda yake aiki: bawul ya buɗe na kimanin daƙiƙa 7, ruwa wajen mililita 140 ya shiga mazubi. Akwai tamostat manne da jikin mazubin. Idan ƙarfen ya yi sanyin da ya kai wajen digiri 8 zuwa 9 ƙasa da sifili, tamostat ɗin sai ya haɗa wuta. Wata hita da ke ƙarƙashin mazubi ta ɗan ɗumama shi don ƙanƙarar ta saki, ƙaramin moto ya juya wasu yatsun roba su kwashe ta su tura akwati, sannan a ƙarshen juyawar bawul ya sake buɗewa. Wato na'urar da ke yin ƙanƙara tana da hita a jikinta, don haka kada ka dafa ƙasan mazubin da hannu tana cikin aiki.

Na biyu shi ne mai tiren roba, wanda ya fi yawa a firjin Samsung da LG da ake sayarwa a ƙasashe masu wutar bolt 230. Mafi yawansu ba su da hita. Sensa ce a ƙarƙashin tiren take aika wa fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa firji, labarin sanyi, fanel ya ba moto umarni ya kifa tiren ya ɗan murɗe shi, kamar yadda ake murɗa tiren ƙanƙara da hannu. Shi wannan ba ya yanke shawarar komai da kansa, fanel ke masa tunani. Shi ya sa wani lokaci laifin yana fanel ne ko wayar da ke tsakaninsu.

Ko wanne ne naka, lafiyayye yana juye ƙanƙara kusan duk awa biyu da rabi zuwa uku, wato sau 8 zuwa 10 a kwana ɗaya, abin da ya kai kilo ɗaya da rabi ko ƙasa da haka kaɗan. Wanda ke sa ran zai riƙa cika kula yana sayarwa da irin wannan na'ura, ba nan ya kamata ya nema ba.

Kafin komai, duba abin da ba ya buƙatar sukudireba. Akwai wani siririn hannun ƙarfe ko na roba a gefen na'urar da ke taɓa ƙanƙara don ya gane akwati ya cika. Idan yana sama, na'urar a kashe take, kuma ledar nama ko ta kifi da aka cusa kusa da ita ta isa ta ɗaga shi. Wasu firjin maɓalli gare su a jikin na'urar, wasu a allon ƙofa, kuma yara kan danna shi. Wasu kuma ido biyu ne masu kallon juna a bangon firiza, in raɓa ta daskare a kan ɗaya sai fanel ya ɗauka akwati a cike yake. Goge su da tsumma mai ɗumi.

Sanyi

Firiza ya kamata ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili. Idan ya hau zuwa wajen 12 ƙasa da sifili, ƙanƙara takan ragu sosai, in ya wuce haka sai ta tsaya cak, alhali nama yana nan da taurinsa. Nan ne mutane ke ruɗewa: suna taɓa kaza su ji ta kamar dutse su ce ai firiza lafiyarsa lau. Ruwa yana daskarewa tun daga sifili, amma tamostat ɗin na'urar ba zai motsa ba sai ya ji sanyin da aka tsara masa. Lambar da ke allon ƙofa ma a firji da yawa abin da ka zaɓa take nunawa, ba abin da ke ciki ba. Ka sami ma'aunin zafi, ka cusa shi tsakanin ledoji biyu daskararru, ka bar shi ya kwana, da safe ka karanta.

A wuraren da ake yawan ɗauke wuta, wannan shi ne babban dalili. Bayan wuta ta dawo, firiza yana bukatar awanni kafin ya koma sanyinsa, kuma kafin ya kai ana iya sake ɗaukewa. Alamar haka ita ce ƙanƙarar da ke akwati ta narke ta sake daskarewa ta zama dunƙule ɗaya, wanda ke danne hannun aunawa ko ya hana sandar da ke turo ƙanƙara ta ƙofa juyawa. In kana so ka san abin da ke faruwa lokacin da ba ka gida, daskarar da ruwa a kofi ka ɗora kwabo a kai. Idan ka dawo ka tarar kwabon ya nutse, firizan ya narke ya sake daskarewa a bayanka.

Idan wuta na tsayawa amma sanyin bai kai ba, sai a koma bayan firji. Ƙurar hunturu tana toshe kwandensa, wato bututun da ke fitar da zafi a ƙasa ko a baya. Cire fulogi, buɗe murfin baya, share da buroshi mai laushi, ka tabbatar fankar da ke kusa da kwamfuresa tana juyawa. Ka bar tazarar aƙalla santimita 5 zuwa 10 tsakanin firji da bango. Robar ƙofa kuma ka gwada ta da takardar kuɗi: rufe ƙofa a kanta ka ja, in ta zare ba tare da turjiya ba, iska mai zafi na shiga ta nan. Ka bi gefe huɗu duka.

Akwai wani abu da ba a cika dubawa ba wajen saye. A takardar da ke manne a bangon cikin firji ana rubuta ajin yanayin da aka ƙera shi domin sa. N ko SN yana nufin zai iya aiki har zafin ɗaki ya kai digiri 32, ST har 38, T kuma har 43. Firjin da aka yi wa Turai mai ajin N ko SN, in aka ajiye shi a kicin a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder cikin watan Afrilu, kwamfuresa zai yi ta aiki ba hutu amma sanyin ba zai kai inda ake so ba. Wannan babu na'urar ƙanƙarar da za ta magance shi. Sai dai a matsar da firjin wuri mai iska, nesa da murhu da taga mai rana.

Gwajin da ke raba gardama

Idan sanyi ya cika, ka leƙa cikin mazubin. Busasshe ne, ko akwai ƙanƙara a ciki?

In a bushe yake, ɗebo ruwa kimanin rabin kofi, mililita 120 zuwa 140, ka zuba da hannu, ka rufe ƙofa, ka ba shi awa biyu zuwa uku. Idan ka dawo ka tarar an juye ƙanƙarar a akwati amma mazubin ya sake zama a bushe, to moto da tamostat da hita duk lafiyarsu ƙalau, matsalar ta hanyar ruwa ce. Idan kuwa ƙanƙarar tana zaune daram a mazubi ba a taɓa ta ba, yanzu ne za a fara tuhumar na'urar. Wannan gwaji na rabin kofin ruwa ya fi kowace mitar auna lantarki amfani, kuma bai kamata a sayi komai ba kafin a yi shi.

Ruwa, inda gizo ya fi yin saƙa

Kamfanonin firji suna neman ƙarfin ruwa aƙalla bar 1.4, wasu ma sun ce 2, kuma kada ya wuce 8 da 'yan kai. To yawancin gidajenmu daga tankin sama ruwa ke gangarowa. Lissafin ba shi da wuya: duk tsayin mita 10 yana ba da kusan bar 1. Tankin da ke kan ƙarfe mai tsayin mita 5 bai wuce rabin bar ba, kuma a bene na sama abin ya fi haka muni, domin tazarar da ke tsakanin tanki da firji ta ragu. Ruwan da ya ishe ka wanka da shawa bai ishi wannan bawul ɗin ba. Tun da lokaci ake ƙirga masa, ba yawan ruwa ba, cikin daƙiƙa 7 ɗin nan ɗan kaɗan ne zai shiga. Sakamakon shi ne ƙanƙara ƙanana, ko masu rami a ciki, ko rabin mazubi da ruwa rabi a bushe.

Idan firjinka yana da wurin tarar ruwan sha a ƙofa, gwada da agogo. Kofi mai mililita 250 ya kamata ya cika cikin daƙiƙa 8 ko ƙasa. In ya ɗauki 15 ko 20, ka cire filta ka sa murfin da ke maye gurbinta, in firjin ya zo da shi, ka sake gwadawa. Idan ruwan ya ƙaru, filta ce ta toshe. Ana canza ta duk wata 6, amma da ruwan rijiyar burtsatse mai yashi ba ta kai haka. Idan bai ƙaru ba, rufe ruwa, kwance siririn tiyon da ke shiga bawul a bayan firji, ka sa bakinsa a bokiti ka buɗe. Ya kamata ya yi tsartuwa da ƙarfi. In lallaɓowa yake yi, matsalar tana gidan ne: ko tiyon ya lanƙwashe lokacin da aka tura firji jikin bango, ko famfon da ke ba shi ruwa ba a buɗe shi duka ba, ko kuma tankin ne. Maganin na ƙarshen shi ne ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa mai kunna kansa a kan layin da ke zuwa firji. Wanda ke tace ruwan shansa da na'urar nan mai matatu da yawa da ɗan tanki a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya sani ita ma tana rage ƙarfi ƙwarai, kuma in daga ita aka ja wa firji ruwa, da wuya ya wadatu.

Mai shirin sayen sabo a gidan da ruwansa ba shi da ƙarfi, gara ya nemi irin wanda ke da tankinsa a cikin ƙofa ko a ɓangaren sanyi, ana cika shi da hannu, ɗan famfo na ciki yana tura ruwan. Ya huta da duk wannan.

Rashin ƙarfin ruwa yana da wata illa da ba ta fito fili ba. Bawul ɗin yana dogara da matsin ruwan kansa wajen rufewa sosai. In matsin ya yi ƙasa, ko ƙwayar yashi ta maƙale a bakin robar da ke ciki, sai ya riƙa ɗiga a hankali. Ɗigon nan yana isa bututun da ke zuba ruwa a mazubi, wanda ke cikin sanyin firiza, ya daskare kaɗan-kaɗan har ya toshe shi. Ka haska fitila cikin bakin bututun, za ka ga toshiyar fara fat. Cire fulogi, ɗebi ruwan ɗumi a sirinji ka riƙa fesawa, da tawul a ƙasa, har ya narke. Na'urar busar da gashi ma tana yi in an rage zafinta an kuma nisanta ta, don robar bangon firiza tana lanƙwashewa da zafi kuma ba ta komawa. Amma wuƙa ko sukudireba kada su shiga wannan aiki. Yawancin firjin yanzu gas ɗin R600a ke cikinsu, mai kamawa da wuta, kuma huda bututun gas ɗaya ya mayar da ƙaramin gyara gyaran gangar Auzinawa. In ka narkar da toshiyar ta dawo bayan mako ɗaya ko biyu, to ka magance abin da ke sa ɗigon, ƙarfin ruwa ko bawul. A wasu firjin akwai 'yar hita nannaɗe da wannan bututu, ita ma tana ƙonewa, Samsung yakan nuna 33E a allon ƙofa in hakan ta faru.

Shi kansa bawul ɗin yana ƙasa a bayan firji, inda tiyon gida ke shiga. Sau da yawa yana da kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke buɗe shi in wuta ta shiga, biyu ko fiye, ɗaya na ruwan sha ɗaya na ƙanƙara, shi ya sa ruwan ƙofa zai iya zuwa lafiya alhali na ƙanƙara ya mutu. Bi siririn tiyon da ya hau bayan firji zuwa firiza, kwayil ɗin da ke kansa shi ne naka. Cire fulogi, zare wayoyinsa biyu, sa mita a ma'aunin om. Na bolt 120 yawanci yana tsakanin om 200 zuwa 500, na bolt 230 yana kai dubbai. Abin da kake nema shi ne kada mita ta nuna layin a yanke ko ta nuna sifili. Idan kwayil yana da rai, kuma lokacin zuba ruwa kana jin gurnaninsa amma ruwa ba ya fita, duba 'yar rariyar da ke bakin shigarsa. Yashi da farin dutsen ruwa suna toshe ta. A wanke ta da tsohon buroshin haƙori a mayar. Wasu kan cire ta su jefar don ruwa ya ƙaru, bayan 'yan watanni yashin ya hana bawul rufewa, a wayi gari kicin ya zama tafki.

Canza bawul aikin minti 20 ne. Rufe ruwa, ɗauki hoton wayoyi da tiyo da wayarka, kwance noti na tiyon gida da sifana. Tiyon roba masu fita yawanci irin na turawa ne: ka danna zoben da ke bakin ramin ciki, ka ja tiyon. Kafin ka sa a sabo, yanke bakin tiyon daidai da reza, kada ya karkace, ka tura har ya tsaya, sannan ka ɗan ja ka ji ya kama.

Firjin Amurka a wutarmu

Na hannun da ake shigowa da su daga Amurka an yi su ne don bolt 120 da zagaye 60 a daƙiƙa. Wutar Najeriya da Nijar da Gana bolt 220 zuwa 230 ce, zagaye 50. Taransifoma tana rage bolt amma ba ta taɓa zagayen. Moton na'ura mai mazubin ƙarfe kuwa da zagayen wuta yake tafiya, don haka a nan ya fi nawa, kuma a irin da juyawar moto ke ƙayyade lokacin buɗe bawul, daƙiƙa 7 da rabi sai ta koma 9. A gidan da ruwa ke da ƙarfi, ƙarin nan ya isa ya sa mazubi ya tumbatsa, ƙanƙara ta fito a manne da juna, ruwa ya daskare a ƙasan akwati. A irin na Whirlpool akwai ƙaramin sukurun roba a gefen kan na'urar, in ka cire farin murfin. Juya shi ta yadda hannun agogo ke tafiya yana rage ruwa, rabin juyi kimanin mililita 20. Kada ka wuce juyi ɗaya cikakke ta kowane ɓangare, in ba haka ba za ka lalata abin da ke ciki. Wajen sayen kaya kuma ka lura da bolt ɗin da ke rubuce: bawul ko na'urar 120 in aka ba ta 230 nan take za ta ƙone.

Ko wane irin firji ne, ka sa masa abin kariya a soket, mai jinkirta wuta minti 3 zuwa 5 bayan an dawo da ita ko an sauya zuwa janareta. Fanel ne ke fara shan wahalar wuta mai hawa da sauka, kuma ya fi na'urar ƙanƙara tsada.

Gwada na'urar kanta

Mai tiren roba yana da maɓallin gwaji a gefe ko a ƙasa. Danna ka riƙe na 'yan daƙiƙu har ka ji ƙara ko ka ga tire ya fara juyawa, ka ajiye akwati a ƙasa don ruwa zai zubo a ƙarshe. Idan bai motsa ba sam, ko kana jin ƙas-ƙas na haƙoran giya suna tsallakewa, akwatin moton ya tafi. Idan ya juya lafiya a gwaji amma ba ya yi da kansa, sensa ake tuhuma. Ita juriyarta ƙaruwa take yi da sanyi. Ta Samsung tana wajen om 5,000 a digiri 25, in ka sa ta a ruwan ƙanƙara ta haura 13,000. Wadda lambarta ba ta motsi ta mutu. Allon ƙofa ma yakan taimaka: 14E a Samsung sensar na'urar ce, 39E kuma aikin na'urar ne ya gaza, LG yana rubuta Er IS don sensa, Er IF don fankar ɗakin ƙanƙara. Ka duba tiren da kyau a haske. Tsaga siririya tana sa ruwa ya tsiyaye, farin dutsen ruwa kuma yana sa ƙanƙara ta ƙi saki, sabon ruwa ya zubo a kanta ya malala. Jiƙa tiren a binega da ruwa rabi da rabi na minti 30 yana cire dutsen. Filtar firji ɗanɗano da wari take gyarawa, ba ta cire wannan.

A mai mazubin ƙarfe irin na Whirlpool, in ka ɓalle murfin gaba za ka ga ramuka masu haruffa L, N, M, T, H da V. Bayan ka cire fulogi, tsakanin L da H hita ce, kimanin om 72, tsakanin L da M moto ne, kimanin om 8,800. Da wuta a jiki, L da N ya kamata su nuna bolt 120. In babu, ka duba wayar da ke zuwa daga bango, akwai fis na zafi a jikinta da ke yankewa. Masu gyara suna tilasta wa na'urar juyawa ta hanyar haɗa T da H da guntuwar waya mai rufi, su zare ta bayan 'yan daƙiƙu da giya ta fara tafiya. Wannan wuta ce tsirara a wuri mai danshi. In hannunka bai saba da aikin lantarki ba, tsaya a gwajin rabin kofi, ya ishe ka. Kuma kada ka juya babbar giyar ko yatsun da ƙarfin hannu, karyewa suke yi.

Idan ka fara ganin ɓarɓashi baƙi ko ruwan toka a cikin ƙanƙara, fentin da ke hana mannewa ne ke ɓarewa daga mazubi. Ba a gyara wannan. Haka ma in moto ko hita ko tamostat ya mutu, shawarata ita ce a canza na'urar gaba ɗaya. Kuɗin ɓangarori ɗaya-ɗaya da wahalar neman su sun kusa kai na cikakkiya, kuma sauran kayan cikin tsohuwar shekarunsu ɗaya da wanda ya mutu.

Sauyawa

Da lambar samfurin firji ake sayen na'ura, ba da ido ba. Tana kan takardar da ke bangon ciki ko a baya. Ɗauki hotonta, da hoton lambar da ke jikin tsohuwar na'urar, in da hali ma ka tafi da tsohuwar kasuwa. Biyu za su iya yin kama sak amma bakin wayarsu ya bambanta, wannan mai ƙafa 4 wancan mai 6, ko ramin shigar ruwa yana baya a ɗaya yana gefe a ɗaya. Ta hannu da aka ciro daga wani firji tana iya yi, amma a auna hita da moto a gabanka, ka kuma shafa cikin mazubin ka ji fentin bai tashi ba.

Kayan aiki kaɗan ne: sukudireba mai kan tauraro, mai faɗin baki, da mai kama kan noti na kwata inci, sai tawul da fitila. Cire fulogi, rufe ruwa, fitar da akwatin ƙanƙara da shiryayyen da ke tare hanya. Idan ƙanƙara ta lulluɓe na'urar, bar ƙofa a buɗe ta narke tukuna. Robar da ke cikin sanyi tana da gautsi, ja ɗaya za ta tsage.

Mai mazubin ƙarfe yawanci sukurori uku ke riƙe da shi, biyu a sama ɗaya a ƙasa. Na ƙasa ka kwance duka, na sama ka sassauta kawai, sai ka ɗaga na'urar sama ta zare daga kansu. Tallafe ta da hannu ɗaya, ka danna harshen da ke riƙe da bakin waya ka cire, kada ka ja ta wayar. Mai tiren roba kuma sau da yawa sukuru ɗaya ko biyu ne da wani harshen roba, ka danna ka jawo ta gabanka kamar aljihun tebur.

Ajiye tsohuwa da sabuwa gefe da gefe a kan tebur. Sau tari sabuwar tana zuwa tsirara, sai ka kwaso mata kaya daga tsohuwar: hannun aunawa, ƙarfen da ke tallafe ta ta ƙasa, farin murfi, wani lokaci har da wayar. Hannun aunawa yana shiga rami a kan na'urar ta gefe ɗaya, ɗaya gefen a jikin mazurarin ruwa, ka tura shi har ƙarshe, in bai shiga sosai ba na'urar ba za ta san akwati ya cika ba. Idan wayar tana da fis na zafi, mayar da shi cikin maƙalinsa a jikin mazubi yadda ka same shi. Wasu mazurarai suna zuwa da ramin a rufe, sai ka ɓalle ɓangaren da ya dace da inda bututunka yake.

Wajen mayarwa, haɗa waya tukuna har ka ji ta ce ƙas, sannan ka rataya na'urar. Abin da aka fi mantawa shi ne bakin bututun ruwa: dole ya shiga cikin mazurari, ba ya tsaya a gefensa ba. In ya kauce, ruwan farko bayan na'urar zai bi ya daskare a ƙasan firiza. Ka duba ta zauna daidai ba ta karkata ba, domin in ta karkata ramukan gefe ɗaya za su tumbatsa, na ɗaya gefen su yi rabi. Ƙarfen ƙasa yana da dogon rami don wannan saitin. Shi ma firjin ka tabbatar ƙafafunsa sun daidaita.

Buɗe ruwa ka duba kowace mahaɗa da busasshen yatsa, sannan ka sa fulogi ka sauke hannun aunawa. Sabuwar na'ura mai mazubin ƙarfe ba ta kiran ruwa nan take, sai ta yi sanyi ta yi juyi ɗaya a bushe, a ƙarshensa ne bawul zai buɗe. Kana iya zuba mata rabin kofi da hannu don ka gaggauta. Ka ba ta awa 24 kafin ka yi mata hukunci, akwati kuma yana ɗaukar kwana 2 zuwa 3 kafin ya cika. Juyi biyu ko uku na farko a zubar, suna ɗauke da warin roba da ƙurar masana'anta. In ka haɗa da canza filta, tsiyaye lita 10 zuwa 15 ta ƙofa har ruwan ya daina tari da fitar da baƙin gari. Washegari ka ja firjin gaba kaɗan ka sake shafa bawul da mahaɗar tiyo, domin ƙaramin yoyo ba ya nuna kansa a awa ta farko.